Nagumo Sumie da Tutar Ayarin Safe

Haihuwa da asali

An haifi Nagumo Sumie ranar 9 ga watan Fabrairu na shekarar 1948 a garin Kurosone da ke lardin Gunma a ƙasar Japan. Mahaifinta, Iizuka Genzo, manomin shinkafa ne da ke haɗawa da kiwon tsutsar siliki, mahaifiyarta Haru kuwa masaƙiya ce. Ita ce ta huɗu cikin 'ya'ya shida, kuma ta tashi a gidan da ba a rasa abinci ba, amma ba a san ragowa ba.

Karatu

A watan Afrilu na 1954 aka sa ta a makarantar firamare ta garin, ta shiga ayarin safe kamar kowane yaro. Tun wancan zamani yaran Kurosone ba sa tafiya makaranta ɗai-ɗai. Yaran kowace unguwa kan taru a wuri guda, su jeru, su tafi tare, kuma al'adar tana da hukunce-hukuncenta da ba a rubuta ba: wanda ya fi kowa shekaru shi ke gaba, kuma ayari ba ya tashi sai an san labarin kowane yaro, wanda ba zai je ba uwarsa ta fito da kanta ta sanar da jagora. Sumie ta ja ayarin unguwarsu a shekarar 1959. Daga baya, da motoci suka yawaita, aka ba jagora tuta rawaya, aka kuma ƙara hukunci na uku: kowane gida mai yaro a ayari yana da ranar da uwa za ta tsaya a mararraba da tata tutar, tana tsayar da motoci har yara su tsallaka.

Bayan ta kammala sakandare ta shiga sashen horar da malamai na jami'ar lardin, duk da mahaifinta ya fi son ta zauna a masaƙa, ta fito a watan Maris na 1970.

Farkon aiki, aure da 'ya'ya

Ta fara koyarwa a watan Afrilu na 1970 a wata ƙaramar makaranta da ke cikin duwatsun arewacin lardin. A 1973 ta auri Nagumo Tatsuo, makanikin injinan noma, mutum mai ƙarancin magana, daga nan ta ɗauki sunan gidansu. Sun haifi Kohei a 1975, Chizuru a 1978, sai Wataru a 1981. Bisa tsarin hukumar ilimi na sauya wa malamai wurin aiki bayan 'yan shekaru, ta koyar a makarantu huɗu kafin a mayar da ita garinsu a 1989, a Firamaren Gabas.

Zuwan baƙi

Daga 1990 masana'antun yankin suka fara ɗaukar ma'aikata daga Brazil, jikokin Japanawan da suka yi ƙaura can tun da daɗewa. Aka zuba su da iyalansu a dogayen gidajen haya na bayan magudanar ruwa. Dokar tilasta karatu ta hau kan 'yan ƙasa ne kawai. Ɗan baƙo idan ya zo a karɓe shi, idan bai zo ba babu mai tambaya. Kuma a Firamaren Gabas ƙa'ida ita ce yaro ko dai ya zo cikin ayari, ko babba ya rako shi. Ayarin kuwa ƙungiyar iyaye mata ta unguwa ce ke tsara shi, kuma ba ta sa yaron da uwarsa ba za ta tsaya a mararraba ba. Iyayen bayan magudana tun ƙarfe shida suna bakin inji. Ta haka yara masu ƙoshin lafiya suka wuni a baranda suna kallon sa'o'insu na wucewa a jere, alhali babu mutum ɗaya a Kurosone da ya taɓa furta kalmar kora. Wannan shi ne nau'in zaluncin da ya fi wuyar kamawa: kowa na da ladabi, kowa na rusunawa, kowa na bin ƙa'ida, yaro kuwa yana gida.

A ƙarshen 1991 Sumie ta kai maganar gaban shugaban makarantar na lokacin.

"Ba mu kori kowa ba, Malama Nagumo," in ji shi. "Ƙofarmu a buɗe take."

"Ƙofa a buɗe take, Shugaba. Ta ina za su biyo su iso ta?"

Ya ce za a yi nazari. An yi watanni ana nazari.

Ayari na goma sha uku

A watan Afrilu na 1992 ta daina jira. Makarantar na da ayari goma sha biyu. Ta kafa na goma sha uku da kanta. Kullum da safe takan je bayan magudana, ta tattara yaran baƙi, ta shige gaba da tuta, ta kai su aji. Suka fara da bakwai, kafin shekara ta zagayo sun haura ashirin. Jaridar lardin ta buga hotonta, hukumar ilimi ta yaba, iyaye matan unguwa suka ji daɗi ƙwarai domin an ɗauke musu abin da ba sa son tunawa. Yaran gari kuwa suka sa masa suna ayarin baƙi, kuma idan suka haɗu a hanya kowane ayari kan riƙe nasa gefen titi.

A watan Afrilu na 1995 aka ɗaga ta zuwa muƙamin mataimakiyar shugaba, aka tura ta wani gari. Ba a yi wata biyu ba ayari na goma sha uku ya watse, domin ba na unguwa ba ne, ba na makaranta ba ne, nata ne ita kaɗai. Wasu yaran suka ci gaba da lallaɓawa, wasu ba a sake ganinsu ba.

A lokacin zafi na 1998 ta haɗu da ɗaya daga cikinsu, Edson, a bakin wata masana'antar shirya abincin kwali, sanye da farar rigar aiki da hular roba. Shekarunsa goma sha biyar. Shi ya fara gane ta.

"Malama, kin tsufa fa."

"Kai kuma ka yi tsawo ba ka yi hankali ba. Wace makaranta kake yanzu?"

Ya yi dariya, ya nuna mata bututun hayaƙin masana'antar. "Ga ta nan. Ba a ba da aikin gida."

Ta tambaye shi dalilin da ya sa ya daina zuwa. Ya ɗaga kafaɗa, ba tare da wani zargi a muryarsa ba, ya ce, "Ayarinki ne ai, Malama. Da kika tafi, ya tafi."

Mijinta ya ba da labarin cewa ta dawo gida ranar ta cire hoton jaridar daga bango, ta sa shi a ƙarƙashin tarin tsofaffin takardu.

Shugabancin Firamaren Gabas

A watan Afrilu na 2001 aka dawo da ita Firamaren Gabas a matsayin shugaba. A lokacin bayan magudana ya ƙara cika: ban da mutanen Brazil da Peru, akwai 'yan gudun hijira Rohingya da suka tsere daga Myanmar, maza suka fara zuwa, iyalansu suka biyo baya. Matasan malamai suka roƙe ta ta farfaɗo da ayari na goma sha uku. Ta ƙi. Ta ce yaran bayan magudana za su shiga ayarin da ke wucewa ta ƙofarsu, wato na bakwai da na takwas, ko da kuwa hakan zai ɗauki shekaru.

Ya ɗauki shekara biyu. Abin da ya tokare shi ne tsayuwar mararraba, sai ta nemi a sassauta hukuncin: ba dole sai uwa ba, kowane babba na iya tsayawa a madadin gida. Ta samu wasu iyaye maza da ke tashi daga aikin kwana da sassafe, sannan ta bi tsofaffin da ke wasan ƙwallon sanda a filin unguwa. Shugaban unguwar, wani tsohon ma'aikacin gidan waya mai suna Kogure, shi ne ya fi kowa taurin kai.

"Wato ni da gwiwata zan tsaya wa ɗan wani cikin sanyi," in ji shi, "ubansa na can yana neman arziki?"

"Malam Kogure, kana tsayawa tun asuba kana dukan ƙwallo, gwiwar ba ta taɓa kai ƙara ba."

"Wannan magani ne."

"To, wannan ma magani ne. Har da tuta kyauta."

Ya amince, amma da sharaɗin a sani cewa bai yarda da tsarin ba. A watan Afrilu na 2003 yaran bayan magudana suka shiga ayari na bakwai da na takwas. A cikin waɗanda suka shiga ƙarshen wannan shekarar akwai wata yarinya Rohingya mai shekara tara, Shofika, 'yar Abdul Monaf da ke aiki a wurin farfasa tsofaffin motoci. Ta iso ba ta san kalma ɗaya ta Japananci ba, kuma ba ta taɓa zama a aji ba.

Rikicin tuta, 2006

Iyaye matan sun jure wa baƙin yara a tsakiyar layi. Gaban layi kuwa ba su taɓa tunaninsa ba sai a watan Maris na 2006, lokacin da aka zauna tsara ayarin sabuwar shekarar karatu, aka ga cewa a ayari na bakwai wadda ta fi kowa shekaru ita ce Shofika. Shugabar ƙungiyar iyaye, Tabei Noriko, wadda kowa ke kira Maman Daiki, kuma ɗanta zai fara aji ɗaya a wannan shekarar, ta kawo shawarar a tsallake yarinyar a ba wani yaro ɗan aji biyar tuta. Ta kawo ta cikin tausasawa: nauyi ne mai yawa, harshenta bai nuna ba, tausayinta ake ji.

Maganar ta isa kunnen Abdul Monaf kafin a tashi daga taron. Washegari ya zo ofishin shugaba da kayan aikinsa, ya ce an riga an nuna wa 'yarsa matsayinta a wata ƙasa, bai kawo ta nan don a sake nuna mata ba. Idan aka tsallake ta zai cire ta daga makaranta, ta zauna ta taimaki uwarta. Sumie ta san babu dokar da za ta hana shi, kuma ta san inda irin wannan hanya ke ƙarewa, domin ta gani a bakin masana'antar abinci. Ta nemi ya ba ta har ƙarshen zangon farko.

A zama na biyu ba ta yi wa iyayen wa'azin jinƙai ba. Al'adarsu ta mayar musu.

"Tun ina yarinya babba ke gaba," in ji ta. "An taɓa ba wani tuta da bai iya lissafi ba, an ba wani da ke tsoron kare. Ba a taɓa tsallake kowa ba. Idan za a fara yau, ku faɗa mini dalilin da zan faɗa wa yara."

"Malama Shugaba, ba ke za ki miƙa ɗanki ba," in ji Maman Daiki. "Idan mota ta taho, da wane yare za ta yi ihu?"

"Da wanda take yi wa ƙannenta tsawa. Na ji shi daga ofishina, ana ganewa."

Aka yi dariya kaɗan, amma Maman Daiki ba ta yi ba. Ta ce ita dai za ta riƙa kai ɗanta da mota, kuma ba ita kaɗai ba. Kowa ya fahimci ma'anar: idan yaran gari suka janye, ayari na bakwai ya zama ayarin baƙi, an koma gidan jiya, hukumar ilimi kuma ta samu hujjar da take jira ta cewa tsarin bai yi ba.

Ranar farko ta sabuwar shekarar karatu, a watan Afrilu, Shofika ta fito da hular makaranta rawaya a kan ɗankwalinta, da tuta a hannu. Fiye da rabin yaran gari ba su zo wurin taruwa ba. Abin da iyayen suka manta shi ne hukunci na biyu, wanda Sumie ta tabbatar yarinyar ta haddace: ayari ba ya tashi sai an san labarin kowa. Shofika ta ja sauran yaran zuwa ƙofar gidan Tabei, ta danna ƙararrawa, ta tsaya. A Kurosone ba a barin jagoran ayari tsaye a ƙofa, kuma ba a aiko masa da saƙo ta bakin yaro. Dole Maman Daiki ta fito, ta rusuna wa yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya a gaban maƙwabta, ta ce, "Yi haƙuri, Jagora, Daiki ba zai bi ku ba yau." Shofika ta rusuna, ta ce, "An gode da sanarwa," ta wuce gida na gaba.

Haka aka yi washegari, da wanshekaren washegari. Ayarin ya yi ta makara, Sumie ta hana a rubuta wa kowa latti. Kogure kuwa, ba tare da an gayyace shi ba, ya riƙa bin bayan layin kowace safiya da sandarsa, yana faɗa wa kowa cewa kuskuren yarinyar yake nema. Gidajen suka fara sakin yaransu ɗaya bayan ɗaya, wasu don kunyar rusunawar, wasu don yaran sun ishe su da kuka, tunda duk labarin kwaɗi da tsutsa da ake yi a aji a hanya ake samo shi, ba a cikin mota ba. Zuwa tsakiyar watan Mayu saura gidan Tabei kaɗai.

Wata safiya ana yayyafi, Maman Daiki ta buɗe ƙofa za ta faɗi abin da ta saba, sai ta ga Daiki ya riga ya ratsa ta ƙarƙashin hannunta da jakarsa da laimarsa, ya shige bayan Shofika, wurin da ake ajiye mafi ƙanƙanta. Maman Daiki ta juya ga Shofika. Daga nan ta rusuna, ta ce, "Yana da saurin faɗuwa. Ki kula min da shi."

A taron ƙarshen zango aka nemi Kogure ya faɗi abin da ya gani.

"Na nemi laifinta har na gaji," in ji shi. "Ɗaya na samu: tafiyarta kamar ta kunkuru, wai tana jiran ƙanana. Gwiwata dai ta ce a bar wa yarinyar tutar."

Abdul Monaf bai cire 'yarsa ba. Ta kammala firamare a watan Maris na 2007, ta wuce sakandare. Tun daga wannan shekarar ba a sake tayar da maganar tsallake wani yaro a Firamaren Gabas ba.

Ritaya da shekarun ƙarshe

Sumie ta yi ritaya a watan Maris na 2008. Ta buɗe ajin Asabar a zauren unguwa don yaran da suka iso a tsakiyar shekara, ta kuma riƙa amsa gayyatar makarantun maƙwabta. Duk inda ta je abu ɗaya take faɗa: kada a yi wa yaran baƙi nasu na daban, kuma kada a rataya su a wuyan malami ɗaya mai kirki, domin mai kirki ana yi masa canjin wurin aiki. Wasu makarantun sun ɗauka. Wasu sun ba ta shayi, sun yi mata tafi, sun ce za su yi nazari, kuma har ranar da ake wannan rubutu akwai barandar da yaro ke tsaye yana kallon ayari na wucewa. Masu nazarin su sani cewa yaron ba ya jiran su gama. Girma yake yi.

Mijinta ya rasu a 2016. Ita kuwa ta ɗauki tsayuwar mararraba ta kowace Litinin a madadin gidajen da ba su da babban da zai tsaya, ba ta fasa ba sai a watan Oktoba na 2023 da ciwon zuciya ya kwantar da ita. A lokacin Shofika ta zama tafinta kuma mai taimakon malamai a Firamaren Gabas, ɗanta na fari yana ayari na bakwai.

Rasuwa da jana'iza

Nagumo Sumie ta rasu ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2023, a asibitin garin, tana da shekara saba'in da biyar. An yi jana'izarta ranar Juma'a, 17 ga watan, zauren ya cika har waje da mutanen gari da na bayan magudana. Edson ya zo daga wani lardi da 'ya'yansa mata biyu, dukansu 'yan makaranta. Da aka zo sanya mata furanni da abin da take ƙauna a akwati kafin a kai ta wurin ƙona gawa kamar yadda ake yi a ƙasar, babban ɗanta Kohei ya ɗauko tsohuwar tutarta zai sa a ciki. Shofika ta matso kusa da shi, ta yi ƙasa da murya.

"Yaya Kohei, ka yi haƙuri. Litinin akwai makaranta. Sabbin yaran nan 'yan Nepal ba su da mai tsaya musu."

Kafin ya ba da amsa, wata mata ta miƙo hannu daga bayansa. Tabei Noriko ce.

"Ba ni nan," in ji ta. "Ke, Jagora, ƙarfe nawa ake fita yanzu?"

"Bakwai da rabi, Maman Daiki. Kada ki makara, na san ƙofarki."

Bayan kwana arba'in da tara, bisa al'ada, aka binne tokarta a kabarin gidan Nagumo da ke Kurosone, kusa da mijinta. Ta bar 'ya'ya uku: Kohei, wanda ya gaji wurin aikin mahaifinsa, Chizuru, ma'aikaciyar jinya a birnin Maebashi, da Wataru, malamin firamare, da jikoki biyar. Tutar kuwa ba ta cikin abin da aka raba wa magada. Tana mararrabar bakin magudana kowace Litinin da safe.